Na sayi fanka da takardar rangwame, ta zo da aibi, kanti ya ƙi karɓa: mene ne haƙƙina?

Uwar Amarya, Tudun Wada, Gusau

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kanti da waɗanda suka san doka, domin wani al'amari ya shige mini duhu, kuma ba na son in ɗauki alhakin kowa, ba na kuma son a ci nawa haƙƙin ina ji ina gani.

A goman farko na azumin bana na je wani babban kanti a nan Gusau, irin waɗanda mutum yake ɗaukar kwando ya zaɓi kaya da kansa ya biya a bakin ƙofa, domin in haɗa kayan kicin na ɗiyata da aka sa ranar aurenta bayan ƙaramar Sallah. Ba zan faɗi sunan kantin ba, saboda ba tozarta su nake son yi ba. Kuɗin kayan da na ɗauka ya kama naira 212,000. Da na biya, yarinyar da ke karɓar kuɗi ta miƙo mini wasu korayen takardu guda huɗu, kowace an rubuta naira 5,000 a jikinta, ta ce garaɓasar azumi ce, duk sayayyar naira 50,000 tana da takarda ɗaya. Na yi murna, na lissafa a raina cewa naira 20,000 ta dawo aljihuna.

Bayan kwana shida na koma da takardun. Sai a lokacin aka juya mini bayansu, inda aka jera sharuɗɗa da Turanci cikin rubutu ƙanana ƙwarai, waɗanda ko da tabarau sai da na kai takardar kusa da hancina: ba a amfani da fiye da takarda ɗaya a ciniki guda, cinikin kuma sai ya kai naira 40,000, ba a canza ta da tsabar kuɗi, bayan kwana 14 kuma ta mutu. Na ɗauki fanka mai caji ta naira 48,000, aka cire 5,000, na biya 43,000. Na sake ɗaukar kulolin abinci na naira 33,000, sai aka ce ba su kai adadin ba, dole na ƙara da wasu kofuna da tire waɗanda ba su cikin lissafina har kuɗin ya kai 41,500. Sauran takardu biyun suna nan cikin jakata har yau, ko ƙosai ba za su ƙunsa ba.

Yaron kantin ya jona fankar da wuta a gabana, ta juya, ya mayar da ita cikin kwali ya manne. Ba mu sake buɗe ta ba sai ranar jere, kwana 24 bayan sayenta. Aka sa ta caji ta kwana, da aka ɗauke wuta muka kunna, ko minti 40 ba ta yi ba ta tsaya, alhali a jikin kwalin an rubuta cewa tana yin awoyi da dama. Kwana uku muna gwadawa, ba ta canza zane ba.

Akwai kuma tukunyar dafa shinkafa ta lantarki da na saya naira 27,000 a cikin kayan farko. Ita lafiyarta ƙalau, ko ledarta ba a ɓare ba, sai dai gwaggon yarinyar ta kawo irinta sak a matsayin gudummawa, kuma ɗaki ɗaya ba ya bukatar biyu.

Na ɗauki duka biyun da rasit ɗinsu na koma. Manajan ya saurare ni cikin ladabi, wannan ba zan yi masa ƙarya ba, sannan ya nuna mini wani allo da ke rataye a saman wurin biyan kuɗi, wanda ke cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Ya ce fankar ma ta fi wuya, domin duk abin da aka saya da takardar rangwame ya zama kayan rangwame, ba a karɓarsa ko da wane dalili. Game da tukunyar kuwa ya ce suna musanya kaya cikin kwana bakwai kawai, kuma ko da zai yi mini alfarma sai ya cire naira 5,000, saboda idan aka fitar da kuɗinta cinikina na farko ya koma 185,000, wanda takarda uku yake bayarwa ba huɗu ba.

Abin da nake son sani shi ne: shin wannan allon yana da ƙarfin da zai hana ni mayar da abin da ya zo da aibi? Shin takardar rangwame tana sauke haƙƙin mai saye? Idan kuma suka yarda za su biya ni, 48,000 zan nema ko 43,000? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mai Kanti, Talata Mafara

Wa'alaikumus salam. Hajiya, Allah ya sanya alheri a auren, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ni shekarata 19 ina sayar da kayan wuta, kuma ko da yake shagona bai kai girman wanda kika shiga ba, irin wannan allon yana rataye a nawa wurin. Saboda haka bari in fara faɗa miki abin da ya sa muke rataye shi, sannan in faɗa miki inda nake ganin manajan ya kauce hanya.

Mun ga mutumin da ya sayi talabijin ana gobe bikin ƙaninsa, aka gama biki ya dawo da ita ya ce hotonta bai yi masa ba. Mun ga wanda ya jona dutsen guga da janareta mai wuta fiye da ƙima, ya kawo shi yana ƙaurin ƙonewa, yana rantsuwa cewa haka ya saye shi. Kayanmu daga kasuwar Alaba a Legas ko Sabon Gari a Kano suke zuwa, kuma dilan da ya ba mu ba ya karɓar abin da ba shi da kwali ko wanda aka kwance masa noti. Idan na karɓi irin wannan kaya ya zama kwantai, sai dai in karyar da shi ƙasa da uwar kuɗinsa, bayan na riga na biya kuɗin mota da na masu lodi. Don irin waɗannan mutane aka yi allon.

Amma batun fankarki daban ne, kuma duk mai sayar da kayan wuta ya san haka ko da bai faɗa ba. Yawancin waɗannan fankoki batirinsu irin na dalma ne, wanda idan ya daɗe a ajiye ba a yi masa caji ba yake mutuwa a hankali. Fanka tana iya yin watanni cikin kwali, daga jirgin ruwa zuwa sito a Legas, daga can zuwa sitonmu cikin wannan zafi na bazara, ta iso hannun mai saye injinta lafiya lau amma batirinta ya gama aiki. Gwajin da yaron ya yi miki na ganin ido ne kawai, domin muddin tana jone da wuta ko mataccen batir ne da ita za ta juya. Gwajin gaskiya shi ne a zare ta daga wuta a bar ta tana aiki. Kuma wannan aibi ne da dila yake karɓa, ko ya aiko da sabon batir, don haka kantin ba shi da asarar da zai fake da ita.

Maganar takardar rangwame kuwa, ki yi haƙuri in yi miki lissafin da muke yi a bayan kanta. Mai tumatir a kasuwa idan ta auna miki tana ƙara miki gyara nan take, ki tafi da abinki. Takardar rangwame gyara ce da ba za ki samu ba sai kin sake dawowa da wasu kuɗin. A ido naira 5,000 a kan 50,000 kashi 10 cikin 100 ne, amma tunda sai kin ƙara kashe 40,000 kafin ta yi aiki, ragin ya koma 5,000 a kan 90,000, wato bai kai kashi 6 ba. Ke kuwa kayan da kika ɗauka a zuwa biyu sun kai naira 301,500, aka rage miki 10,000, wanda ya ɗan haura kashi 3 kaɗan, har da kofunan da ba ki yi niyyar saye ba. Mai kanti ya san tun farko cewa da yawa daga takardun za su mutu a jakunkunan mutane, da wannan ya yi lissafinsa. Ban ce zamba ba ce, dabarar kasuwa ce, amma wanda ya ci ribar dabarar bai kamata ya juya ya ce takardar ta ƙazantar da kayan da aka saya da ita ba.

Tukunya kam ba ki da hujja a kansu, roƙo ne kawai. Da ni ne zan karɓa, tunda ba a buɗe ta ba, kuma wadda ta zuba mini kusan naira 300,000 a wata ɗaya ba a barinta ta fita da ɓacin rai. Sai dai cire 5,000 ɗin nan bai hau lissafi ba: cinikin 185,000 ya ba ki takarda uku, ke kuma biyu kika ci.

Ma'aikacin Shari'a, Samaru, Gusau

Hajiya, ranki ya daɗe. Alhaji ya yi bayanin ɓangaren kasuwa, ni kuma zan tsaya a kan abin da dokar ƙasa ta tanada, domin mutanenmu da yawa suna ɗaukar allon da aka rataye a kanti kamar hukuncin kotu, alhali ba haka ba ne.

Akwai Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC mai hedikwata a Abuja, wadda ta gaji tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa tun 1992. Dokar tana aiki a Zamfara kamar yadda take aiki a Legas. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, marasa aibi, waɗanda suka dace da aikin da aka saba yi da su. Sashe na 132 kuma ya ce idan kayan suka gaza wannan, mai saye yana iya mayar da su cikin wata uku daga ranar da ya karɓa, ba tare da an ci shi tara ba, kuma ɗawainiyar tana kan mai sayarwa. Fanka mai caji wadda ba ta riƙe caji ta gaza ainihin aikin da aka saye ta dominsa, kuma kwana 24 da ɗoriya bai kusanci wata uku ba.

Sai dai ki lura da wani abu, kada ki je ki kafe a inda doka ba ta kafe ba. Hanyoyi uku dokar ta ambata: a gyara, a musanya, ko a mayar da kuɗi. Idan suka ce za su sa sabon batir ko su ba ki wata fankar, sun shiga cikin abin da doka ta nema, matuƙar gyaran ya yi aiki. Abin da ba su da ikon yi shi ne su ce ba ruwansu gaba ɗaya.

Game da allon, sashe na 129 ya hana ɗan kasuwa gindaya sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙin da dokar ta ba shi, kuma hukumar ta sha nanata cewa rubutun "ba a mayar da kuɗi" ba ya kare mai sayar da kaya masu aibi. Haka nan babu inda dokar ta ware kayan da aka saya da rangwame ta ce su ba su da kariya. Inda magana take canzawa shi ne idan an faɗa wa mutum aibin tun farko, misali a ce wannan firji ya lotsa a gefe shi ya sa aka rage kuɗinsa, ya gani ya amince. Wannan ba zai dawo gobe ya kafa hujja da lotsawar ba. Ke kuwa ba don aibi aka rage miki ba, don ki dawo kantin aka rage miki.

Idan ta kai ga mayar da kuɗi, abin da kika biya za a ba ki, wato 43,000. Takardar ba kuɗi ba ce, kuma su da kansu sun rubuta haka a bayanta. Kina iya roƙon su sabunta miki takardar tunda cinikin da aka kashe ta a kansa ya warware, wannan magana ce mai ma'ana, amma ban ba ki shawarar ki tsaya a kanta har ta hana ki karɓar babban haƙƙinki ba. Shi ya sa a ganina musanya ta fi miki riba, domin za ki tafi da fankar 48,000 a kan 43,000 ɗin da kika riga kika biya.

Ki rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga manajan, ki sa ranar saye da lambar rasit da bayanin aibin, ki riƙe kwafi ɗaya da sa hannun wanda ya karɓa. Ki ɗauki hoton rasit ɗin yau ɗin nan, domin rubutun takardar da injin kanti ke fitarwa yana gogewa cikin 'yan makonni, musamman a zafi. Idan suka ƙi, hukumar tana karɓar koke ta shafinta na intanet ba tare da biyan kuɗi ba, kuma ƙofar kotu a buɗe take. Manyan kantuna sun san hukumar, tun da a watan Fabrairun 2024 ta garƙame wani babban kanti a Abuja saboda farashin da ke kan kanta ya saɓa da wanda ake karɓa a wurin biya.

Mai Kanti, Talata Mafara

Malam, na ji bayaninka kuma ban musa ba, amma wata uku a ƙasar da wuta take zuwa yau da ƙarfi gobe da rauni yana da nauyi a wuyan ƙaramin ɗan kasuwa. Wa zai tantance cewa aibin daga kamfani ya zo ba daga gidan mai saye ba?

Ma'aikacin Shari'a, Samaru, Gusau

Alhaji, tambayarka a kan hanya take. Dokar ba ta ɗora maka ɓarnar da mai saye ya yi da hannunsa ba, kuma mai gyaran kayan wuta yana iya bambance abin da wuta ta ƙona da batirin da ya mutu a ajiye. Shi ya sa nake ganin a gwada fankar Hajiya a gaban kowa, a cikin kantin.

Almajirin Fiƙihu, Ƙaura Namoda

Bismillah. Hajiya, Allah ya yi wa auren albarka. Tun da a jihar da kotunan shari'ar Musulunci suke sauraron rigingimun ciniki muke, kuma mai yiwuwa ne shi mai kantin Musulmi ne, ya dace a ji abin da malamanmu suka faɗa, domin wannan mas'ala ba sabuwa ba ce a wurinsu. Kayanki biyu sun faɗa babi biyu mabambanta.

Fankar tana babin zaɓin aibi. Duk wanda ya sayi abu, daga baya ya ga aibin da yake tare da shi tun kafin ciniki, wanda bai sani ba kuma yake rage darajar abin ko amfaninsa, yana da damar mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Asalin wannan yana cikin Sunna. Hadisi ya inganta a kan dabbar da aka ƙi tatsarta kwanaki don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa, ko ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino, kuma a ruwayar Muslim an ambaci kwana uku. Ki dubi kamannin: hantsar da ta cika a kasuwa da fankar da ke juyawa a jone da wuta, dukansu ba a gane gaskiyarsu sai an kai gida. Ban ce kantin ya yi da gangan ba, kuma zaɓin aibi ba ya bukatar a tabbatar da ganganci.

Shi kuwa rubutun allon, malamai suna kiran irinsa sayarwa bisa sharaɗin kuɓuta daga aibi. Malaman Hanafiyya sun sassauta a kansa, amma a mazhabar Malikiyya da muke bi a nan wannan sharaɗi ba ya aiki a kan irin waɗannan kayayyaki, ballantana idan mai sayarwa ya san da aibin ya yi shiru. Sai dai akwai abin da ya kamata ki kiyaye: wanda ya ga aibi sannan ya ci gaba da amfani da kayan, ana ɗaukar hakan alamar ya yarda. Gwajin kwana uku da kuka yi don tabbatarwa ba laifi, amma daga yanzu a mayar da ita kwali, kada amarya ta riƙa shan iskarta idan akwai wuta.

Kuɗin da za a mayar shi ne wanda aka ƙulla ciniki a kansa a ƙarshe, wato 43,000, kamar yadda Malam ya faɗa. Ita takardar alkawarin ragi ce da aka ba ki kyauta, kuma malaman zamani ba su ga laifinta ba idan ba a saye ta da kuɗi ba. Wadda suka yi magana a kanta ita ce katin rangwame da ake biya kafin a mallaka, saboda mutum yana ba da kuɗi tabbatacce a kan amfanin da bai san ko zai samu ba.

Tukunyar tana babin iƙala, wato mai saye ya yi nadama ya roƙi a warware ciniki ba don wani aibi ba. Ba wajibi ba ce a kan mai kanti, amma an kwaɗaitar da ita ƙwarai, domin hadisin Abu Dawud da Ibn Majah ya nuna cewa wanda ya karɓi uzurin Musulmi ya warware masa ciniki, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Kwana bakwai ɗin da suka sa kuwa sharaɗi ne da suka ɗora wa kansu, ya wuce, ba a zarge su. Saboda haka idan kin je, kada ki haɗa maganganun biyu a baki ɗaya. Ta fanka ki nema a matsayin haƙƙi, ta tukunya ki nema a matsayin alfarma, domin idan kika cakuɗa su, raunin ta biyun zai shafi ƙarfin ta farkon. Allah ne mafi sani.

Ɗiyar Gummi, daga Ingila

Mama, ina yi miki barka da hidima. Ina karatun harkokin kasuwanci a nan, kuma ina ɗan aiki a wani babban kantin tufafi a ƙarshen mako, don haka kusan kullum ina tsaye a teburin masu mayar da kaya. Mutanenmu suna zaton a Turai komai ana mayarwa bisa doka, amma rabon da Malam ya yi shi ne a nan ma. Dokar masu saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar da kaya masu aibi ya karɓi kuɗinsa cif, ko da a lokacin rangwame ya saya. Wanda ya saya ta intanet yana da kwana 14 ya fasa ko babu dalili, tunda bai ga kayan da idonsa ba. Amma wanda ya shiga kanti ya zaɓa da hannunsa sannan ya canza ra'ayi, doka ba ta tilasta a karɓa ba. Kantuna ne suke karɓa don gasa da junansu, kuma idan da takardar rangwame aka saya, abin da mutum ya biya kawai muke mayar masa.

Cire kuɗin da manajan ya so yi miki ma ba shi ya ƙirƙiro ba. Kantin Kohl's na Amurka ya shahara da ba da takardar dala 10 a kan kowace sayayyar dala 50 a lokutan garaɓasa, kuma idan mutum ya mayar da kayan da suka jawo masa takardar, ana rage darajarta, ko a cire daga kuɗin da za a mayar masa idan ya riga ya kashe ta. Bambancin shi ne ana cire abin da mutum ya ci ne kawai, ba abin da ya mutu a hannunsa ba.

Wani abin da muka karanta a aji ya ba ni mamaki. A 2012 kantin JCPenney ya soke yawancin takardun rangwame ya ce zai sa farashi mai sauƙi kai tsaye, sai masu saye suka gudu, cinikinsa ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar, aka sallami shugaban kamfanin, Ron Johnson, a Afrilun 2013, aka dawo da takardun. Don haka kada ki ga laifin kanki a kan kofunan nan, Mama.

Uwar Amarya, Tudun Wada, Gusau

Jama'a, Allah ya saka wa kowa da alheri. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Allah ya gafarta Malam, na bi shawararka na raba maganar biyu. Ɗiyata ta Gummi, Allah ya ba da sa'ar karatu ya dawo mana da ke lafiya.

Ranar Talata da safe muka je da ƙanin maigidana, da wasiƙa da rasit da fankar a cikin kwalinta, bayan ta kwana a caji. Ban ambaci hukuma ko kotu ba, na dai roƙi manajan a kunna ta a kan teburinsa ba tare da an jona ta ba. Aka kunna da ƙarfe 10:10, muka zauna a kan benci muna kallonta, shi yana ta sallamar masu saye yana waiwayenta. Da ƙarfe 10:47 ta fara jan jiki, ta tsaya. Ya karanta wasiƙar, ya shiga ciki ya yi waya da mai kantin, ya fito ya ce in zaɓa, ko sabon batir ko wata fankar. Na zaɓi wata.

A nan ne aka so a sake sabon zance, domin yaron da ya ɗauko ta ya ce farashinta yanzu ya koma 52,000, sai in cika. Ƙanin maigidana ya ce musanya muka zo yi ba sabon ciniki ba, manajan kuma bai ja ba. Wannan karon ban yarda da gwajin minti ɗaya ba: mun bar ta a caji a wurinsu, muka dawo bayan La'asar aka zare ta, ta yi awa biyu tana juyawa kafin na sa hannu na ɗauka.

Tukunyar sun karɓa, amma ba su ba ni kuɗi ba, sun ce in ɗauki kaya na naira 27,000, kuma ba a sake tayar da maganar cire 5,000 ba bayan na ajiye matattun takardun biyu a kan teburin. Na ɗauko wa yarinyar dutsen guga da butar dafa ruwa, na cika naira 1,500. Allon yana nan rataye inda yake. Da za mu fita na tambayi manajan ko za a iya farfaɗo mini da takardun biyu, sai ya yi dariya ya ce sai dai in jira azumi mai zuwa, za a buga sababbi.